Fijo Mai Ƙofa Biyu da Cinikin Biri a Sama

Tun ban buɗe baki ba na hango masu taɓe nasu. Wai wa zai sayi tsohuwar motar tsere a Tafoki? Mutumin da ke lissafin buhun taki da kuɗin huɗa, ina shi ina mota mai kujera biyu, wadda ko buhun masara ɗaya ba za ta kai masa Funtua ba? To, ku yi a hankali. Ku bari kaka ta yi, a sayar da masara da waken suya, sannan ku leƙa abin da samarinmu ke kallo a waya bayan isha'i. Ba hoton garma ba ne. Kuma ba samari kaɗai ba. Dattijon da ya fi kowa tsaki a majalisa, miƙa masa hoton Fijo 504 tana sheƙi, ka ga yadda zai gyara zaman hula ya ce a ƙara masa haske.

Ban ga laifinsa ba. Motar nan ta ƙuruciyarsa ce. A 1968 ta fito a Faransa, daga 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma bayan Faransawa sun daina yin 504 da daɗewa, Kaduna ba ta saki ba sai da aka shiga shekarun 2000. Tana kuma da ƙanwa da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba, mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ta kuma ci gasar Safari ta Kenya a 1978. Irin waɗannan, da tsofaffin Marsandi SL da aka yi tsakanin 1971 da 1989, su ne yanzu dillalai ke yawo da hotunansu a WhatsApp da Facebook, ɗaya a Legas, ɗaya a Kwatano, ɗaya ma wai yana Beljiyam yana jin sanyi saboda kai. Kalmar kullum guda ce: gangariya, tsohuwa ce ke hawa zuwa coci, sa mai ka tafi.

Alhaji, na ji ka. Ka ce naka dillalin ba irin waɗancan ba ne, yaron kirki ne, har kiran bidiyo ya yi maka ya zagaya motar da kai. Madalla. Ni ma ban kira shi maƙaryaci ba, don ba ya bukatar yin ƙarya. Wayar ce ke yi masa. Ka tuna da ƙarfe nawa ya kira ka? Kafin ya danna lambarka ya riga ya tayar da motar ta ɗumama, alhali tsohon inji da sanyin safiya yake faɗin gaskiya. Shuɗin hayaƙin da ke nuna yana shan baƙin mai, da ƙwanƙwasar da ke fitowa daga ƙasansa, a mintunan farko ake kama su. Idan aka ɗura masa baƙin mai mai kauri kuwa, sai ya yi maka ladabi har ya bar hannun mai shi. Shi ya sa masu wayo ke cewa dillali ya fara ɗora tafin hannunsa a kan injin suna kallo, kafin ya murɗa makulli. Gwada faɗa wa yaron kirkin naka haka, ka ji ko sabis ba zai ɗauke ba.

Sai fenti. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, gishiri suke watsawa a titi don ta narke, gishirin nan kuma shi ke cinye mota ta ƙasa, inda ba mai ɗaukar hoto. Mai gyaran jiki ya cika ramin tsatsa da fila, ya goge, ya fesa ja, sai ga amarya. Kowane mai gyaran jiki a Funtua ya san maganin wannan: ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda ƙarfe ne ya kama, inda fila ce mai kauri ya zame. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba ko za a hango titi ta ƙarƙashin ƙafar direba, ya ciro tayar safiya ya leƙa gurbinta. To ta yaya za ka aika maganaɗisu ta WhatsApp? Hanci ma haka. Lokacin da guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston a 2017, motoci dubbai masu yawa sun kwana cikin ruwa, kamfanonin inshora suka kwashe su zuwa gwanjo, kuma daga irin wannan gwanjon na Amurka motoci da dama ke kamo hanyar Afirka ta Yamma. Motar da ta sha ambaliya warin rima take yi, wayoyinta kuma a hankali suke ruɓewa, yau fitila, gobe hon, jibi ta ƙi tashi a gaban surukai.

Ga wani ɗan boko can yana ɗaga hannu. Ya ce wannan duk tsohon yayi ne, yanzu lambar shasi kawai za ka sa a intanet, Carfax ta zayyano maka tarihin mota tun daga haihuwa. Sannu da karatu, ƙanena. Lambar nan mai gurbi 17 sai a 1981 aka daidaita ta, kuma daga nan tarihin nasu ke farawa. Motar 1975 ba ta cikin rajistar. Agogon tafiyarta ma, a yawancin na wancan zamani, gurbi biyar gare shi: yana kaiwa 99,999 sai ya koma sifili ya sake sabon lale. Idan ka ga 40,000, Allah kaɗai ya san sau nawa ya zagayo, ko ma babu wanda ya taɓa shi da sukundireba.

Ka ce to daga Ingila za ka yi oda, Turawan can ba sa ha'inci. Bari mu bar wannan zancen don kada azahar ta same mu. Ka dai tuna sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, motocinmu sitiyari a hagu, kuma doka ba ta maraba da masu sitiyarin dama. Kwastan na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, motar da ta girmi ɗanka na fari kuwa ta wuce iyakar nesa ba kusa ba. A Janairun 2017 kuma gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Saboda haka idan na Kwatano ya ce kada ka damu da takardun duti, shi zai san yadda za a yi, to damuwar taka ce, don kai za a tare a hanya, shi yana can yana cin kifi a bakin teku.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, wannan Alhajin da zai tura miliyoyi saboda bidiyon minti biyu, ku bi shi kasuwar Sheme ranar da zai sayi sa. Sai ya buɗe bakin san ya ƙirga haƙora, ya sa a ja shi ya ga takunsa, ya tafi ya dawo, ya kira wani Bafillace amini ya sake dubawa, sannan ya taya da rabin kuɗi. A nan ba wanda ya isa ya sayar masa da hoto.

Malam na gefe ya yi gyaran murya, ya ce ai shari'a ba ta hana sayen abin da ba ya nan ba. Gaskiyarka, Allah gafarta Malam, kuma a gabanka muka ji. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa a zaurukanmu, ta halatta sayar da abin da ke nesa bisa siffantawa. Amma ai ba a nan karatun ya tsaya ba. Ta ce ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso, sai in wurin kusa ne, ko abin irin wanda ba ya sauyawa ne, kamar gida ko fili. Mota mai shekara hamsin da za ta hau jirgin ruwa ko bayan tirela ba fili ba ce. Dillalin naka kuwa abin da ya fara nema ke nan: a turo kafin alƙalami yau-yau, akwai wani Alhaji daga Kano da ke tsaye da kuɗi a hannu. Wannan Alhajin Kano, bawan Allah, shekara da shekaru yana tsaye a kan kowace mota, bai taɓa sayen ko ɗaya ba.

Ni ban ce kada ka saya ba. Kuɗinka ne, sha'awa kuma ba a yi mata dole. Cewa na yi kuɗin motar bakanikenka zuwa Legas ya dawo, da na abincinsa da masaukinsa, bai kai kuɗin sauya giyar motar ba. Naka bakaniken, wanda zai haɗu da kai a masallaci in ya cuce ka, ba wanda dillali ya ce ya san wani ba. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya gwada lambar da ke jikin shasi da ta takarda, ya tuƙa ta har ta yi zafi ya ga ko lagireto zai tafasa. Sauran kuɗi kuma sai ta sauka.

In ta sauka lafiya, sai mu zo kan maganar da kowa ke kauce wa. Motar tsere cikinta a ƙasa yake, an yi ta ne don kwalta mai santsi. Ka sauka daga titin Funtua zuwa Gusau ka nufi ƙauye cikin watan Agusta, kududdufin farko zai karɓi salansa, na biyu ya nemi tankin baƙin mai. Kayan gyaran 504 ta gida ko a Funtua ka samu, ko a Kaduna. Gilashin gaban mai ƙofa biyu kuwa sai dai a yi maka cigiya a Turai, ka jira wata da watanni. Kuma duk wanda ke zaune tsakanin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya san akwai hanyoyin da ba ka fatan mota ta mutu maka a kansu bayan la'asar, balle ja wur, mai ƙarar da ake ji tun daga wancan gari.

Har yanzu kana murmushi, Alhaji, wato ka riga ka tura kuɗin. Shi ke nan, Allah ya sa alheri. Ranar da za ta iso a aiko mini, zan zo taya murna. Kujera biyu ce, na sani, ba na neman a ɗauke ni. A bar mini wuri a baya cikin masu turi.