Yadda Na Zama Mai Laifi a Amurka Ban Taɓa Wuce Kwantagora Ba

A gidajen gem na Jega ba a gama wasa. Ƙwallo ake bugawa, ita kuwa ba ta da ƙarshe: a ci ka, ka ce fad ɗinka ne ya lalace, ka sake biya, a sake cin ka. Mai gida ma haka ya fi so, minti goma ya isa a raba gardama, a karɓi kuɗi, a kira na gaba. Wasan labari, wanda mutum zai zauna ya bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe, asara ce a wurinsa, balle tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya koma cin kuɗi kamar sabuwar amarya.

Ni kuwa da girmana da 'ya'yana sai na ɗauri aniyar gama Grand Theft Auto: San Andreas. Kamfanin Rockstar ne ya fitar da shi a Oktoban 2004, kuma a kan PlayStation 2 babu wasan da ya kai shi kasuwa, an sayar da fiye da miliyan 17. Muna samari mun buga shi, amma bugun shirme: a danna lambobin sirri, tankar yaƙi ta faɗo daga sama, a tara 'yan sanda, lokaci ya cika a miƙa fad. Ko ɗaya daga cikinmu bai san wasan yana da labari ba. Da na ga tsohuwar na'urar a shagon wani mai gyaran rediyo, har da memorinta mai megabait 8, sai na saya, na ce wa uwargida don yara ne. Yaran suka leƙa talabijin, suka ga mutane masu hannu kamar an ɗaure yatsunsu, suka koma kan wayar uwarsu.

Labarin dai na wani matashi ne, Carl Johnson, ana ce masa CJ, wanda ya dawo garinsu Los Santos a 1992 bayan an kashe mahaifiyarsa. Ra'ayina a kansa, tunda har yau ba wanda ya bari na faɗe shi har ƙarshe, shi ne: farkonsa ya fi komai daɗi, lokacin da kake talaka a kan keke, ka ci abinci ka yi teɓa, ka je motsa jiki ka rame. Aikin bin jirgin ƙasa a kan babur da kowa ke kuka da shi ba wani abu ba ne, ka ɗan ja nesa da jirgin kawai, ɗan achaɓan Jega mai wata uku a sana'a zai yi shi yana amsa waya. Azabar gaske tana makarantar koyon tuƙin jirgin sama a hamada. Can ne babban ɗan yatsana ya kumbura.

Na gama shi cikin dare, gari ya yi tsit. Sunayen waɗanda suka ƙirƙire shi suna hawa sama, na waiwaya neman shaida, babu kowa. Na tashi uwargida na yi mata albishir. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "An biya ka?" Ta juya.

Washegari na kai labarin gidan gem. Mai gida bai ɗago daga lissafinsa ba ya ce, "Da lambobi ko ba lambobi?" Na rantse ba lambobi. Ya ce kowa haka yake cewa. Wani yaro ya tambaye ni da ci nawa na gama. Wani ya ce, "Baba, wasan ga ya girme ni." Suka koma gardamarsu ta kullum, wai wanne ya fi tsakanin PES, wanda Konami ta mayar eFootball a 2021, da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, alhali su kansu tsohon faifai suke bugawa wanda aka cusa wa sababbin 'yan wasa.

Yatsa ya ƙi sacewa, sai na hau mota zuwa Aliero. Wanda ya san yankinmu ya san garin da abu biyu tun kafin a kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006: albasa da ɗorin karaya. Daga nesa ake kawo mutane a kwance. Na zauna a layi tsakanin wanda mota ta kaɗe da wanda raƙumi ya kayar, ni da ɗan yatsana a naɗe da hankici. Dattijon mai ɗori ya murza shi, ya tambaye ni inda na faɗo. Na ce koyon tuƙin jirgi nake yi. Layi ya yi shiru, mai raƙumi ya dube ni da girmamawa. Dole na ƙara bayani. Dattijo ya saki yatsan ya ce, "Ba karaya, ba targaɗe. Rashin aikin yi na. Tashi ka ba masu ciwo wuri."

A teburin mai shayi kusa da jami'a na samu ɗalibai suna hirar gem, na ce to, yau na faɗo cikin masana. Ɗaya yana bayanin God of War Ragnarök na 2022, wai Kratos ya tsufa ya yi sanyi, ya koma uba mai nasiha, shi ya fi son na da mai fushi. Wani ya ce ai sanyin nan shi ne armashin wasan. Wasa huɗu suka ce sun gama a bana, kowanne da hukuncinsa. Na tambayi wanda ke da PlayStation 5 a cikinsu. Suka yi dariya. A YouTube suka gama su, wani Bature yana bugawa suna kallo, da datar dare. Ni da na yi da yatsana, da na ambaci San Andreas, sai ɗaya ya ce cikin ladabi, "Allah sarki, Baba, tun 2013 aka yi na biyar, na shida ma an nuna tallarsa a Disambar 2023." Ya biya mini kuɗin shayi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Mai sauraro na gaske a Maiyama na same shi, wurin sunan jikar kawuna. Bayan la'asar ina ba wani ƙanena labarin a gindin darbejiya, na kai daidai inda mutumina CJ ya iso gida makoki, sai Kawu ya jawo tabarma ya zauna.

"Wane na mamarsa ta rasu?"

"Wani mutumina ne, Kawu, a Amurka."

"Allah shi jiƙan rai. Ci gaba."

Mutum ya yi makonni ba a saurare shi ba, ya samu dattijo ya karkato kunne, wa zai tsaya gyara? Na ci gaba. Kawu ya fara da ɗora wa CJ laifi: shekara biyar a wani gari bai leƙo gida ba ko da sallah? Da na zo kan Big Smoke, aminin da ya cinye abincin kowa a mota ana harbinsu, Kawu ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wanga mutum maci amana na." Ni sai da na yi nisa a wasan kafin na gane haka, shi daga cin abinci ya gano. Tenpenny, ɗan sandan da ke tatsar unguwa, bai ba shi mamaki ba ko kaɗan. Abin da ya dame shi Kendl ce, ƙanwar CJ, da ke yawo da saurayinta Cesar daga gari zuwa gari. "An kai gaisuwar iyaye? An yanka sadaki? To yayyenta mi sunka zamna yi?" Kafin nan mutane sun taru, wani ma har ya ce in isar masa da ta'aziyya.

Daɗin labari ya kwashe ni, harshe ya koma irin na 'yan gem. Na ce, "Sai na hau benen, na iske Big Smoke a hawa na ƙarshe, na buɗe masa wuta."

Kawu ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Wa yab buɗe wuta?"

"Ni... wato CJ. Ni ne CJ ɗin. Wasa ne, Kawu."

"Kisan kai ne wasa?"

Na ce a talabijin ne. Ya ce, "Har an nuna ka ga talabijin?" Na yi sauri na ce ai ɗan sandan ban taɓa shi ba, motar kashe gobara ce ta faɗo da shi daga gada, yayana Sweet ma ya hana ni harbi. Kawu ya ce shi bai san ƙanwarsa ta haifi wani mai suna haka ba, amma ko wane ne, shi kaɗai ne mai hankali a cikinmu. Ya kori yara, ya roƙi jama'a kowa ya riƙe bakinsa don Allah. Ƙanena da ya kamata ya fitar da ni yana bayan bishiya ya riƙe ciki, hawaye na zuba, Kawu ya nuna shi ya ce in dubi halin da na jefa dangi.

Ko naman suna ban ci ba. Kafin magariba ya sa ni a motar Jega, ya damƙa mini kuɗi, ya ce kada in sauka a tasha, kuma in aske gemu. Ya kira mahaifiyata, ita kuma ta kira uwargida, wadda ta fahimci komai sarai amma ta ga dama ta samu: ta ce lallai na'urar ce ke haɗa ni da mutanen, a raba ni da ita. Yanzu tana gidan Kawu a ƙarƙashin gado, an naɗe ta da buhu. Duk ranar da BBC Hausa ta ambaci Amurka a shirin safe, sai ya kira ni da muryar raɗa ya ce ya saurara har ƙarshe, ba su faɗi sunana ba tukuna.