Yadda Mai Waya Zai Ci Moriyar Datarsa

Yawancin shafukan intanet da ke rage wa mutum wahala kyauta ne, kuma ba sa buƙatar waya mai tsada. Sharaɗinsu ɗaya ne: mai waya ya daure ya fita daga WhatsApp da TikTok na ɗan lokaci. Wanda ya iya wannan jarumta, sauran aikin mai sauƙi ne.

Matsalar farko ita ce cikar waya, kuma takan bayyana ne a lokacin da ba a so. Ana wurin ɗaurin aure, ango ya gyara zaman hularsa, abokai sun jeru, sai waya ta ce babu sauran wuri. Idan aka bincika, abin da ya cinye wurin bai wuce hotunan barka da Juma'a masu furanni da suka taru shekara da shekaru ba, da bidiyo guda da ya shigo ta zaurukan WhatsApp biyar. Manhajar Files by Google tana zaƙulo irin waɗannan maimaici, ta jera manyan fayiloli, ta bar wa mai waya ya zaɓi abin da zai goge. Daga nan sai ya shiga saitin WhatsApp ya hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, in ba haka ba gobe ma wayar za ta sake cika. Takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa da rasit kuwa wurinsu Google Drive, inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta, wanda yake rabawa da Gmail da Google Photos. Ranar da waya ta faɗa kwata, takardun suna nan.

Duk wanda ya taɓa cike fom na makaranta ko na neman aiki ya san shafin da ke ƙin karɓar hoto wai ya yi nauyi. Ba sai an hau babur zuwa shagon kwamfuta ba. Squoosh, wanda Google ya fitar a 2018, yana rage nauyin hoto a cikin wayar kanta ba tare da ya aika shi ko'ina ba. Shafin iLovePDF yana haɗa takardu da yawa su zama ɗaya, ya kuma matse su, sai dai shi yana ɗora takardar a kan kwamfutocinsa ne kafin ya yi aikin, don haka takardar banki da katin shaida ba nasa ba ne.

Babban aiki yana wajen tantance abin da ake turowa. A da gani ya kori ji, amma yanzu hoto ma yana ƙarya. Za a turo hoton gada ta karye, motoci a cikin ruwa, an rubuta a ƙasa cewa jiya ne abin ya faru a kan hanyar garin su mutum, kuma a yi sauri a yaɗa don Allah. Kafin hankali ya tashi a fara kiran 'yan uwa, akwai binciken da bai kai minti biyu ba. Mai waya ya adana hoton, ya buɗe Google Lens ko shafin TinEye, ya ɗora shi. TinEye, wanda wani kamfani na birnin Toronto a Kanada ya buɗe a 2008, yana iya jera sakamakon daga mafi daɗewa, sai a ga lokacin da ya fara cin karo da hoton. Sau da yawa sai a tarar gadar ta wata nahiya ce, kuma ta karye tun yaron da ya turo hoton yana firamare. Idan magana ce aka jingina wa wani shugaba ko likita, akwai masu aikin bin diddigi: Africa Check, da aka kafa a Johannesburg a 2012, da Dubawa, da ta fara a Najeriya a 2018. Idan kuma ana gardama a kan abin da wani shafi ya taɓa wallafawa sannan ya goge, Wayback Machine na cibiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, yana ajiye da tsofaffin kwafin ɗimbin shafuka tare da kwanan watansu.

Binciken ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne idan kawu ne ya turo hoton a zauren dangi. Ƙa'ida a nan ita ce ba a gyara wa babba a gaban jama'a. Ana bin sa ta gefe, a fara da gaisuwa, a tambayi iyali, sannan a ce: "Kawu, Allah ya ƙara girma, hoton nan da kuka turo na ga kamar ya kwana biyu, ga inda na same shi." Yawancin kawunnai za su goge shi da kansu, wasu ma su dawo washegari suna gargaɗin zaure a kan yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Wannan ma riba ce.

Akwai kuma saƙon rabon data ko tallafin kuɗi, wanda ke cewa a latsa nan a tura wa mutum ashirin. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya yawanci suna ƙarewa ne da .gov.ng, don haka adireshin da ya zo da tarkacen haruffa abin tuhuma ne tun daga ƙofa. Ana iya kwafe shi ba tare da an buɗe ba, a liƙa a VirusTotal, wanda ke gwada shi da manhajojin tsaro fiye da hamsin a lokaci guda. Ko ya fito fes, shafin da ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin katin banki a rufe shi nan take.

Kalmar sirri ta mutane da yawa sunan ɗan fari ce da shekarar haihuwarsa, abin da duk wanda ya ci tuwon suna ya sani. Shafin Have I Been Pwned, da Troy Hunt ɗan Ostareliya ya buɗe a 2013, yana nuna wa mutum ko adireshin imel ɗinsa yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa daga wani kamfani. Idan yana ciki, a canza kalmar a duk inda aka yi amfani da ita. Bitwarden yana ƙirƙirar kalmomi masu wuyar zato ya riƙe su, sai mutum ya haddace guda ɗaya tak. A WhatsApp kuma a kunna tabbaci mai mataki biyu, kuma lambar nan mai alƙaluma shida da ke zuwa ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce shi ne shugaban zauren tsofaffin ɗalibai.

Mai rubutu da Hausa ya ƙara harshen a madannin Gboard, ya danne k ko d ko b ya samu ƙ da ɗ da ɓ. Google Translate ya fara Hausa a watan Disamba na 2013. Yana da amfani wajen gane inda takardar Faransanci ko Larabci ta dosa, amma wasiƙar neman aure ko ta neman aiki a nemi mutum ya duba ta kafin a aika. Wikipedia tana da sashen Hausa da kowa ke iya gyarawa da ƙarawa, kuma garuruwa da yawa suna jiran wanda zai rubuta tarihinsu. Quran.com yana ɗauke da tarjamar Sheikh Abubakar Gumi, Khan Academy yana koyar da lissafi da kimiyya kyauta, Project Gutenberg kuma yana da littattafai fiye da 70,000 da ake saukewa ba biya. Littafi ɗaya na rubutu zalla sau da yawa bai kai nauyin bidiyon minti ɗaya ba, kuma da zarar ya sauka ana karanta shi ko an kashe data.