A Jinjina wa Kilinar Atlanta

Gaskiya mutanen Amurka sun iya raba gardama. Duniya ta daɗe tana fama da yaron da kansa ba ya ja, su kuwa a watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan doka, aka wajabta wa kowane ɗalibi ƙwarewa a karatu da lissafi kafin ƙarshen 2014. Kowane ɗaya, ɗari bisa ɗari. Daga aji 3 zuwa aji 8 a yi jarrabawar jiha duk shekara, makarantar da ta yi ta gazawa kuma a iya sallamar malamanta. Wa ya taɓa tunanin ana kashe daƙiƙanci da sa hannu?

Birnin Atlanta ne ya fi kowa gane karatun. Maki ya yi ta hawa, har aka ba shugabar makarantun birnin, Beverly Hall, kambun gwarzuwar ƙasa a 2009. Sai 'yan baƙin ciki suka tsaya ƙirga wuraren da aka goge a takardun amsa. Rahoton 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178, a makarantu 44. Bayin Allah nan har zama na musamman suke yi, kowa da fensir da kilina, suna gyara wa yara amsa. Ina laifinsu? An ce maki ake so, ba wanda ya ce sai ta cikin kan yaro zai bi. Maimakon lambar yabo, a 2015 kotu ta kama 11 daga cikinsu da laifi, da irin dokar da ake kama gungun 'yan ta'asa da ita. Duniya ba godiya.

A 2010 kuma aka fito da ma'auni na bai ɗaya mai suna Common Core, jihohi sama da 40 suka karɓa, ga tallafin gwamnatin Obama yana ƙyalli a gefe. Masu buga littattafai suka nuna tsimi abin koyi: wasu tsofaffin littattafan tambari kawai aka manna musu, suka wayi gari sun dace da sabuwar manhaja.

Ni dai gwanina kamfanin Pearson. A jarrabawar jihar Niyok ta 2012 ya kawo wa 'yan aji 8 labarin abarba mai magana da ta ƙalubalanci zomo tsere. Abarba ba ta motsa ba, dabbobi suka cinye ta, aka tambayi yara wace dabba ce ta fi hikima. Manya ma suka kasa haɗuwa a kan amsa, hukuma ta soke tambayoyin. Ko Gizo bai taɓa ƙulla wadda ta kai wannan ba, ga shi shi kyauta yake yi.

Duk da wannan gata, a 2015 iyayen kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar a jihar suka hana 'ya'yansu zana jarrabawar. Wai su so suke a koya wa yaran wani abu.