Ayarin 'Yan Jakar Goyo a Jiragen Ƙasan Turai

Tun 1972 ake sayar da tikitin Interrail, wanda mazaunin Turai zai saya sau ɗaya ya yi ta hawa jirgin ƙasa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Wanda ba mazauni ba kuwa Eurail ne nasa. Ɗalibanmu da ke karatu can sun gano wannan garaɓasa, shi ya sa da an yi hutun bazara sai ka ga abokai sun saɓa jakunkuna sun fita ganin duniya da kuɗin da bai kai ya kawo ba. Kowane ayari, mutanen cikinsa kusan iri ɗaya ne.

Akwai Madugu. Ba wanda ya naɗa shi, shi dai ya fi kowa cajin waya. Shi ne zai ja mutane tun asuba zuwa gidan tarihi na Louvre ranar Talata, ranar da ba a buɗe shi, ya dubi ƙofar ya ce, "Ai da ma ginin nake so ku gani daga waje." Shi ne kuma ya manta cewa jirgin Faransa mai gudu, TGV, sai an kama kujera da ƙarin kuɗi ko da kana riƙe da tikitin. Ba ya ɓata hanya. Gari ne ke canja masa wuri.

Ma'aji ya fi shi ban tsoro, domin shi ke riƙe da asusun karo-karo, kuma duk farashin da ya gani sai ya mai da shi naira kafin ya numfasa. A tashar Jamus, inda shiga bayi ma sai an biya, zai dubi mai matsuwa ya ce, "Mutumina, daure, na cikin jirgi kyauta ne." Ya fi son tafiyar dare, a zaune, don a huta da kuɗin masauki, ko da kuwa kowa zai sauka wuyansa a karkace. Duk Turai ba garin da yake yabo kamar Rum, ba don tsofaffin gine-gine ba, sai don famfunan titi da ke zubar da ruwan sha dare da rana ba ko sisi. Da ya ji cewa tun 2024 Venis na karɓar kuɗin shiga daga masu yini ɗaya a wasu ranaku, sai ya kawo shawarar a kalli garin ta tagar jirgi lokacin da ake ƙetare gada, a juyo. A Prag da Budapest, inda ba yuro ake kashewa ba, lissafi kan rikice masa, sai ya hana sayen komai har a bar ƙasar. Ni dai ban taɓa jin ayarin da ya ƙaunaci Ma'ajinsa ba, ban kuma ji wanda ya dawo gida lafiya ba tare da shi ba.

Sai Mai Kaya. An ce jakar goyo, shi ya zo da akwatin ja, yana ta ƙarar ƙwarangwam a kan titunan dutse na Prag, a Venis kuma ya ɗauke shi a ka bisa gadoji masu matakala. Ciki akwai garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, buta, har da tukunyar lantarki. Ana yi masa dariya har ranar Lahadi ta riske su a Jamus, kantuna duk a rufe. Daga nan sunansa ya koma "Alhaji, ranka ya daɗe".

Ustaz yana fama da nasa. Ya daidaita alƙibla da waya, jirgi ya sha kwana, ya sake. Yakan tsaya a kanti yana karanta abin da aka rubuta a jikin biskit da harshen da bai san ko harafi ɗaya ba, yana neman alamar alade, ƙarshe a koma shagon Baturke a ci doner, yau da gobe da jibi. A Amsterdam cikin watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, shi kuwa ya ɗauki azumin nafila.

Mai Hoto bai ga Turai ba tukuna, sai ya koma gida zai duba waya. A Pisa sai da kowa ya ɗauke shi yana tokare hasumiya.

Na ƙarshe Sarkin Barci. Ba ya gardama, ba ya zaɓen gari, kujera kawai yake nema. Ya ga taragon abokansa ya cika, ya lallaɓa na baya ya miƙe ƙafa, bai san wasu jiragen ana raba su biyu a hanya ba, kowane rabi da garinsa. Da hantsi sai ga kiransa a wayar Madugu: "Kai, kuna ina ne? Na sauka ban gan ku ba." Ma'aji ya karɓe wayar, bai tambayi lafiyarsa ba, ya ce, "Tsaya, burodin yana wajenka?"