An Fasa Kasuwa

Ranar nan ina teburin mai shayi a Jambutu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya dafe kai: "Innalillahi! Alhaji, wai an fasa kasuwa a Jimeta!" Alhajin da ke gefena ya ture kofi, ya tare Keke Napep, zai je ya ga abin da ɓarayi suka rage masa. Ashe wani baje koli ne aka ɗage. Fasa ta ɗagewa da fasa ta ɓarawo, baki yana raba su. Rubutu kuwa ko oho.

Masu shafukan labarai a Facebook sun san haka sarai, da gangan suke yi. Kalma huɗu, sai "danna ka sha mamaki". Ka danna, data ta ƙare, mamakin bai zo ba.

Ga kuma ƙugiya da suka yi wa saki uku. Tun zamanin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ake buga ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu. Yau yaro da wayar dubu ɗari biyu sai ya rubuta: "An tsinci kashi a bakin Binuwai." Mai tsoro ya ce an kashe mutum. Masunci ya ce, to wannan ma labari ne? Ai kullum sai mun tsallake shi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai gauraya Hausa da Turanci: "Jam a kan gadar Jimeta." Direban da ya yi zaman Legas ya gane cunkoso ake nufi, ya koma ya kwanta. Baturen da ke koyarwa a Yola ya ɗauka motar abin shafa wa burodi ce ta kife. Baffa kuwa daga Girei, wanda a Fulatancinsa jam na nufin lafiya, ya ce alhamdulillahi, hanya lafiya lau. Ya fito da akori-kurarsa, ya ƙara wa layin tsawo. Kowa a cikinsu ya karanta daidai, da harshen gidansu.

Ko sunan garin ma haka yake. A ce maka "a Yola", sai ka tambaya wace? Fadar Lamiɗo tana Yola, filin jirgin Yola yana Jimeta, Jimetar kuma a takardar hukuma Yola ta Arewa ce. Baƙo ya sauka a tasha, mai keke ya tambaye shi, ya yi zuru.

Don Allah masu shafi, ku ƙara kalma biyu, ku sa ƙugiya, ba a biyan haraji a kanta. Alhaji dai ya dawo da gumi, ya biya kuɗin keke zuwa da dawowa, mai shayi kuma bai yafe masa kuɗin shayin da ya huce ba.