Taubashi, Wannan Babur Ba Na Zuwa Gona Ba Ne

Zuwa ga Taubashi, sarkin son banza na zuri'armu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna da jajayen awakin nan naka masu shiga gonar mutane. Taubashinka yana nan ƙalau a birnin Finiks na jihar Arizona, aiki na tafiya, zafi kuma ya sauka. Saƙonka ya iso, tare da bidiyon da ka turo har sau uku: wani yaro a kan babur mai ƙafa huɗu yana tsaga tudun yashi, rairayi na tashi a bayansa kamar mata na shiƙa. Ka ce irinsa kake so a matsayin kuɗin sharar bana, ka riƙa zuwa gona, ran Alhamis kuma ka ɗaure buhu biyu na gero ka kai kasuwar Maigatari.

Taubashinka bai yi maka dariya nan da nan ba, sai da ya je ya gani da idonsa. Ya gani, ya hau, ya yi dariyar, yanzu ga bayani.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma garejinsa ya fi falonsa tsafta saboda babura uku da ke kwana a ciki. A ƙarshen Nuwamba, lokacin hutun bikin godiya na Amurkawa, dattijon ya ɗora su a tirela ya ce taubashinka ya shigo mota. Suka yi tafiyar kusan awa huɗu zuwa Glamis, a kudu maso gabashin Kalifoniya, kusa da iyakar Meziko. Yashi ne zalla, Taubashi, tsawonsa ya haura kilomita 60, wasu tuddan sun kai mita 90. Hukumar BLM mai kula da filayen gwamnatin tarayya ce ke riƙe da wurin, sai an sayi takardar izini kafin a kafa tanti. Titi mai lamba 78 ya ratsa ta ciki. Yankin da ke manne da titin ta arewa an killace shi, ko taya ɗaya ba ta shiga saboda tsirrai da namun wurin. Ta kudu kuwa filin wasa ne, dubban mutane, tantuna da tireloli har iya ganinka. Daga Oktoba zuwa Afrilu ake cin kasuwar, domin da bazara zafin wurin yana haura digiri 43.

Abin da ka gani a bidiyo sunansa Raptor 700, kamfanin Yamaha ya fito da shi a 2006. Injinsa cc 686 ne. Boxer ɗin da kake taƙama da shi a majalisa cc 100 ne, sai ka tara kusan bakwai. Yana da kuloci a hannu da giya biyar a ƙafa kamar kowane babur, da ribas a kai. Totur ɗinsa ba a murɗa shi, da babban yatsa ake dannawa. Da mai da komai nauyinsa wajen kilo 190 ne, wato bai cika buhu biyu na masara ba. Tayoyin baya kaɗai ke ja, da sarƙa, kuma sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su biyun, duk juyin da ta dama ta yi sai ta hagu ta yi. Ka riƙe wannan batu na sanda, alherin babur ɗin da sharrinsa duk a nan suke.

A cikin yashi, wallahi, abin gwanin sha'awa ne. Rashin nauyin ya sa ba ya nitsewa. Ana cire tayoyin baya a sa waɗansu masu fikafikan roba kamar cokula, suna ɗiban yashi suna jefarwa baya, iskar cikinsu kuma 'yar kaɗan ce, tayar tana shimfiɗuwa a ƙasa kamar tafin raƙumi. Mahayi ba ya zama wuri ɗaya. In za a yi kwana sai ya rataya jikinsa ta cikin kwanar, ya danna totur, bayan babur ya zame ya juyo da kansa, domin yashi yana barin taya ta sulale. In za a hau tudu ya miƙe ya kwanta gaba, in za a sauka ya ja ƙugu baya. Akwai wuraren da iska ta haƙa kamar ƙatuwar ƙwarya, gwanaye na shiga su zagaya bangon a karkace, gudu ne kaɗai ke riƙe da su. Taubashinka ya tsaya a gindin tudun da ake kira Oldsmobile yana kallon ana tsere zuwa ƙololuwa, ya tuna hawan sallah, lokacin da 'yan sukuwa ke sakin linzami a gaban fada. Da ya hau a ƙananan tudda, dattijon na gaba yana nuna masa hanya, ya ji a ransa abin da ke sa magidanci ya tara kuɗin shekara don kwana huɗu.

Akwai wani tsoho da har yau ake girmamawa a wurin, Banshee, shi ma na Yamaha. An sayar da shi a Amurka daga 1987 zuwa 2006. Injinsa irin na tsohuwar Vespa ne mai ƙona fetur tare da baƙin mai, sai dai tukunya biyu gare shi, cc 347. Kukansa kamar an tsokano gidan rina, hayaƙinsa shuɗi. A ƙasa-ƙasa ba shi da kuzari, amma in injin ya ɗauki zafi sai ya fizge kamar an soke shi da tsinke, kuma yashi irin wannan hali yake so. Dattijon yana da guda, yana kiransa uwargida, ba ya ba kowa aro.

Yashin da ke ba da daɗi shi ne kuma ke cin mutum. Tudu yana da fuska biyu: wadda iska ke bugu tana hawa a hankali, ta bayan kuwa a tsaye take kamar an yanka da wuƙa. Wanda ya taho a guje ya miƙe ƙololuwa bai san abin da ke baya ba, sai ya ji shi a sama. Shi ya sa ake tunkarar kan tudu a karkace, a leƙa tukuna. Shi ya sa kuma doka ta ce kowane abin hawa sai ya kafa sanda mai jar tuta ko ruwan lemo, tsayinta ya kai ƙafa takwas daga ƙasa, don wanda ke ɗaya gefen ya hango. Da rana tsaka inuwa na ɓacewa, rami da tudu su zama launi ɗaya a ido. Yashin yana shiga matatar iska, yana goge sarƙa kamar magagari, duk dare sai ka ga mutane da fitila a goshi suna wanki da shafa mai. Tankin Raptor lita 11 ne kacal, yashi kuma yana sa inji shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Babu rufi, babu bel, babu ƙarfen kariya. In ya kife, kilo 190 ɗin nan yakan biyo mai shi.

Wannan na cikin dalilan da suka sa kasuwar irin wannan babur ta ja baya. A 2007 kamfanin Polaris ya fito da RZR, 'yar ƙaramar mota mai sitiyari da kujeru da kejin ƙarfe, magidanci ya ɗauki matarsa a gefe. Jama'a suka koma can. Honda ta daina yin TRX450R bayan 2014, Suzuki da Kawasaki su ma suka janye manyan na tserensu, aka bar Yamaha da Raptor da YFZ450R. Gasar Dakar ma, wadda a da take ratsa Agadas da hamadar Tenere kafin ta ƙaura Kudancin Amurka a 2009 sannan Saudiyya a 2020, ta rufe rukunin masu ƙafa huɗu bayan gasar 2024, wadda Manuel Andújar ɗan Ajantina ya lashe a kan Raptor. Taubashinka ya ji zafin wannan, domin wanda ke cikin keji tuƙi yake yi, mai babur kuwa da dukkan jikinsa yake hawa.

To, hanyar gonarka ba tudun yashi ba ce, saboda haka aka gwada hanyar daji. Makonni biyu bayan nan taubashinka da ayarin mahaya suka bi tsohuwar hanyar da ta tashi daga tafkin Pleasant ta hau duwatsun Bradshaw zuwa Crown King, ƙauyen masu haƙar zinariya na da, a tsayin wajen mita 1,800. Farkon hanyar burji ne mai kwana-kwana da busassun rafuka, nan babur ɗin ya nuna kansa. Faɗinsa bai kai santimita 120 ba, yana kutsawa inda a-kori-kura za ta tsaya tana tunani, yana tsallake ƙananan ramuka kamar barewa. In ya maƙale, mutum biyu sun isa su ɗaga bayansa su juya shi.

Da aka shiga duwatsu sai labari ya canza. Tsakanin ƙasa da ƙarfen da ke kare sarƙa da faifan birki bai fi santimita 11 ba, tsawon yatsa da ɗan ƙari. Kowane dutse sai ya gaisa da shi. Wani matashi a cikin ayarin ya sauka a kan wani ƙaton dutse, faifan birkinsa na baya ya lanƙwashe, aka zauna awa guda ana miƙewa da guduma. Inda hanya ta yi tsayi ga tsakuwa, tayoyin baya sai su yi ta juyawa a banza, na gaba ba su da abin taimako. Tafiyar hawainiya kuma wahala ce: hannun hagu ya gaji da kuloci, babban yatsa ya sage, fankar inji na ta huci a ƙafar mutum. Wani mai YFZ450R a ayarin ya fi kowa shan aiki, domin an yi babur ɗinsa don filin tsere, ya fi faɗi, ba shi da ribas, duk inda hanya ta toshe sai ya sauko ya ja da hannu. Suna cikin haka wata tsohuwa ta zo a kan Grizzly, babur mai ƙafa huɗu na aiki wanda duk tayoyinsa ke ja, cikinsa ya yi sama da ƙasa kusan santimita 30, ga akwatin ƙanƙara a gaba ga kare a baya. Ta ɗaga musu hannu ta haye duwatsun kamar tana zuwa unguwa.

Yanzu a zo kan buhunan geronka. Babu inda za ka ɗora su. Ba kariya, ba maƙalar amalanke, abin da ke bayan kujera ɗan ƙarfe ne na kamawa a ja. Kujerar doguwa ce, ka riga ka lissafa uwargida da yara biyu a kai, taubashinka ya san halinka. An tsawaita ta ne don mahayi ɗaya ya riƙa matsawa gaba da baya, kuma a jikin babur ɗin an manna gargaɗin hana goyo. In damina ta sauka, laka ta kama, taya biyu ba za su fitar da kai daga fadama ba, sai an zo da shanun Baba. Kuɗinsa sabo ya kusa dala 10,000 kafin jirgin ruwa da kwastan, ka lissafa Boxer nawa ke nan, ka kuma tambayi bakanikenku ko ya taɓa ganin tayarsa a kasuwa.

Akwai magana guda da ba ta wasa ba. Wannan abu ba ya son kwalta. Sandar nan ta baya tana buƙatar ƙasa mai barin taya ta zame. A kan kwalta tayoyi na kama ƙasa gam, in aka yi kwana da gudu sai ya ɗaga ƙafa biyu ya kife. A Amurka ɗaruruwan mutane ke mutuwa kowace shekara a kan irin waɗannan babura, fiye da rabinsu kuma a kan titi ne. Kakansu mai ƙafa uku, wanda Honda ta fara kawowa a 1970, kifewa ce ta sa aka daina sayar da sabonsa a 1988. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ce kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya hau. Taubashinka ya tuna babban ɗanka, wanda ke sace makullin Boxer in ka shiga masallaci, gabansa ya faɗi.

Saboda haka kuɗin sharar bana ba babur ba ne. Wani ɗan garinmu zai taho gida bayan azumi, an ba shi hular kwano guda biyu, ɗaya taka ɗaya ta yaron, da kuɗin da zai isa a canza wa amalanke taya. Hular ta kai ce, kada a ji labarin ta koma mazubin ƙwan zabi. In Allah ya kawo taubashinka hutu, ku shirya a je Yusufari a ga tuddan Tulo-Tulowa, ka nuna masa a ƙafa tudun da ka yi niyyar hawa da gero buhu biyu.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafa yana cikin jakar. A gaida liman da mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Taubashinka na Arizona