Bakano Ya Sayi Mai Shan Gazuwal

Bakano, bawana na Dapaong, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara. Labari ya iso mu nan Camba: wai ka sauka Lome, ka zaga filayen motocin bakin teku har takalminka ya cinye, ka dawo da farar Hilux mai shan gazuwal. Allah Ya sanya alheri, Ya tsare hanya. Da na ji Bakano ya zare kuɗi masu kauri haka a zama ɗaya, sai da na aika a dubo ko lafiyarka ƙalau.

Na san abin da ya ja ka: lissafi, ciwon gidanku. An gaya maka injin dizal ba ya shan mai, kuma ba ƙarya aka yi maka ba. Litar gazuwal ta fi ta fetur ƙarfi, injin kuma matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, ba ruwansa da fulogi, shi ya sa ɓarnarsa kaɗan ce. A-kori-kura irin taka, in babu kaya kuma direba mai hankali ne, lita 8 zuwa 10 kan kai ta kilomita 100. 'Yar'uwarta mai fetur sai ta nemi 12 ko fiye. Daga Dapaong zuwa Sokode kusan kilomita 300 ne, ka ƙara ɗan abin da ya rage zuwa Camba, rarar lita goma ke nan ko kusa. A nan ka ajiye alƙalami kana murmushi. Ba wanda ya tuna maka cewa a 2022 da 2023 litar gazuwal a gidajen man Togo ta fi ta fetur tsada.

To, gyara zama, ubangidanka zai ƙarasa maka lissafin.

Tun 1968 ake ƙera Hilux, kuma ta yi sunan da ba mai musu. Yaƙin da Cadi ta yi da Libiya a 1987 ma da sunan Toyota aka san shi. Amma tsofaffin injuna ne suka tara wannan suna. Dubi 5L mai lita 3, ko 1HZ na cikin Land Cruiser: ba turbo, famfonsu na ƙarfe ne zalla, ga nawa wajen hawan dutse, amma bakaniken unguwar Didawure ta Sokode zai kwance su a gindin mangwaro da hantsi, ya mayar kafin la'asar. Taka kuwa D-4D ce, 'yar kwamfuta. Tana tura mai da matsin da ya haura bar 1,500 ta wasu ramukan nozul da ido bai cika gani ba. Wannan tsantseni shi ne sirrin rashin shan manta, kuma shi ne lagonta. Ɗigon ruwa ko ɗan yashi ya shiga, sai ta fara tari, ta yi baƙin hayaƙi, daga nan sai a kira maka yaro mai na'ura ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya faɗi kuɗin nozul huɗu. Ina roƙon Allah Ya sa ina wurin ranar, don in ga fuskarka.

Ga kuma maganar man kansa. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa gazuwal ɗin da ake shigowa da shi yankinmu yana ɗauke da farar wuta ninkin abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Ƙarshen shekarar, Togo da Benin da Gana da Najeriya da Kodebuwa suka ce sun daina karɓa, a 2020 kuma ECOWAS ta tsayar da ma'auni ɗaya ga kowa. Madalla. Sai dai duk wannan zancen gidan mai ne, kai kuwa rabonka da gidan mai tun ranar da ka baro Lome. An gan ka a Mango kana ciniki da mai jarka a bayan wata tirela, har kana tsoma yatsa kana shinshinawa, wai kana gwada ko an haɗa da kananzir. Hancin da ya saba da ƙirga kuɗi, ina ya san warin kananzir?

Motar nan ba wahalar riƙo gare ta ba, ɗan abin da take so ne ba ka iya bayarwa. Juye a kan lokaci da baƙin mai na kirki. Filtar gazuwal sabuwa, a riƙa zubar da ruwan da ya taru a gindinta. Filtar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe Dapaong, a canja ta, ba a buga ta a jikin taya a mayar ba. Bel ɗin cikin injin kuma a kilomita 150,000 ake sauya shi, har da fitilar da ke kunnuwa ta tuna maka. Yaron motarka ya ce fitilar ta kunnu tun a Kara, ka sa aka liƙe ta da baƙin salatif don kada ta tayar maka da hankali. In bel ɗin ya tsinke kana tafe, kan injin gaba ɗaya za ka nema. Kuma kada ka ce agogon motar bai kai nan ba. Kai da kake sayar da albasa babba a sama ƙanana a ƙasa, ka fi ni sanin yadda agogon tsohuwar mota ke komawa yarinta kafin ta hau jirgi.

Kaya kuwa, masu ita sun ce tan ɗaya ko kusa. Kai buhu ashirin kake jibga mata, ka ɗora kejin zabi a sama, fasinja uku a kan kejin, sannan ka doshi hawan Defale da na Alejo kana mamakin yadda lita 9 ta zama 14 kuma kuloci yana wari. Gado ne, ban ga laifinka ba. Lokacin da fatake ke bi ta Jugu da Didawure zuwa Gwanja neman goro, haka kakanka ya riƙa yi wa jakinsa, kakana Bazazzagi na biye yana tsintar masa kaya.

Kakar yazawa na tafe, kuma na ji kana cika baki za ka kwashe ta Camba da Kambole kai kaɗai. Bismillah. Ka taho mini da albasa buhu guda da kuɗin sharar da ka danne. In ta tsaya maka a Bafilo, ka buga waya kada ka ji kunya, zan turo ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko ka. Kuɗinsa zuwa da dawowa a kanka yake, kuma na gaya masa kada ya yarda ka hau sai ka biya.